Sarin Auduga Sakayau na Saƙar Hannu: Ganewa, Zaɓe da Riƙo

Sabon sarin auduga, wato zanen da matan Indiya ke ɗaurawa, yadda yake a ninke a kan kantar mai shago, ba ya faɗin gaskiyar kansa. Yana da ƙarfi, yana ƙara kamar takarda in an taɓa shi, gefensa a miƙe sak. Duk wannan aikin sitati ne. Ranar da ya shiga ruwa sitatin zai tafi, a bar ki da zare da saƙa, kuma su biyun nan ne kuɗinki ya saya. Siririn zare da sakakkiyar saƙa su ke sa sari ya zama sakayau, iska na ratsa shi a tsakiyar zafin Indiya, su ne kuma ke sa ya yi saurin yagewa in ba a san hannunsa ba. Saboda haka zaɓe da wanki da ajiya duk a kan abu ɗaya suke tafiya, wato sanin irin zaren da ke hannunki.

Sari ƙyalle ne guda, babu ɗinki. Tsawonsa na yau da kullum yadi 6 ne, kimanin mita 5.5, faɗinsa kuma tsakanin mita 1.1 da 1.2. A jihar Maharashtra akwai mai yadi 9 da ake kira nauvari, amma wannan ɗaurinsa daban ne. Idan kin ga an rubuta mita 6.3, an haɗa da yadin 'yar rigar ne, wajen santimita 80 a ƙarshen ciki, wanda za a yanke a kai wa tela. Sassansa uku: jiki, gefe na sama da na ƙasa, sai ƙarshen da ake yafawa a kafaɗa, mai mafi yawan ado, wanda ake kira pallu, mutanen Bengal kuma su ce anchal. Zaren da ke bin tsawon sarin shi ne zaren tsaye, wanda ƙoshiya ke ratsawa da shi kuma zaren kwance.

Lambar zare

Mai shago zai ce miki "wannan lamba 80 ne" ko "lamba 100". Ga ma'anarta. Ana auna zaren auduga da ƙulli mai yadi 840. Yawan ƙullin da zai cika laba ɗaya, wato giram 454, shi ne lambar zaren. Lamba 60 na nufin yadi 50,400 a laba ɗaya. Lamba 100 yadi 84,000 ne, kusan kilomita 77 na zare a abin da bai kai rabin kilo ba. Idan lamba ta hau, zare ya ƙara siranta ke nan.

Lamba 40 zuwa 60 na da jiki, yana jure wankin kullum, amma ba shi ake nufi da sakayau ba. Lamba 80 ita ce tsaka-tsaki, kuma ita muke ba wa mai sayen farko shawara: iska na shiga, ga shi ba ya yagewa don an ɗan ja shi. Daga 100 zuwa 120 an shiga shara-shara, sai da lallami. Abin da ya haura haka sai a muslin, wani yadi shara-shara ƙwarai, irin wanda birnin Dhaka ya yi suna da shi a zamanin daular Mughal, wanda ake kaɗa zarensa da hannu daga wata auduga mai suna phuti karpas da ake nomawa a wancan lokacin a bakin kogin Meghna.

Idan an ba ki lambobi biyu, kamar 100 da 80, na farko na zaren tsaye ne, na biyu na kwance. In kin ga 2/120, zare biyu ne masu lamba 120 aka murɗe wuri ɗaya. Kaurinsa na lamba 60 ne, sai dai ya fi shi santsi da ƙarfi. A lura kuma, khadi, wanda ake kaɗa zarensa da hannu a kuma saƙa da hannu, da ma'aunin mita ake ƙidaya shi, kilomita nawa ne a kilo ɗaya. Lamba 100 ta khadi kusan daidai take da lamba 60 ta wancan ma'aunin. Mutane da yawa sukan ruɗe a nan.

Lamba ita kaɗai ba ta isa ba. Siririn zare da aka saƙa a sake da yawa don a tsimi auduga zai yi nauyin gashin tsuntsu a shago, ya zama tsumma bayan wata biyu. Ɗora ma'aunin tela a kan jikin sarin ki ƙirga zaren da ke cikin inci ɗaya. A saƙa mai kyau ta lamba 80 zuwa 100 za ki samu wajen 70 zuwa 90 a tsaye, na kwance kuma bai yi nisa da haka ba. In na kwance ya gaza sosai, masaƙin ya yi gaggawa.

Kowane gari da saƙarsa

Sunan sari yawanci sunan garin masaƙansa ne. A Bengal ta Yamma, tant ne sarin kullum. Kalmar ma na nufin masaƙa. Shantipur da Phulia a gundumar Nadia su ne suka yi fice wajen siririn zare da laushi. Da yawa daga masaƙan Phulia zuriyar waɗanda suka yi ƙaura daga Tangail, wadda yanzu ke Bangaladesh, ne bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, shi ya sa za ki ji ana cewa Tangail alhali a Indiya aka saƙa. Dhaniakhali a gundumar Hooghly saƙarta ta fi matsewa, ta fi kaushi a farko, amma tana daɗewa. Tant yana zuwa da sitati mai yawa da faffaɗan gefe, kuma mai ɗaura shi karon farko takan ji kamar ta shiga cikin buhu. Haƙuri ake yi da shi. Sai bayan wanki uku ko huɗu yake kwantawa a jiki.

Jamdani shi ne sarki a wannan fage. Cibiyarsa yankin Rupganj ne a Narayanganj, bakin kogin Shitalakshya a Bangaladesh, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa saƙarsa cikin jerin al'adun gado na duniya. Jikin shara-shara ne, furannin kuma ba ɗinki ba ne. Masaƙi kan ratsa zaren kwance sau ɗaya, sai ya ɗauki ɗan tsinke ya cusa wani zare mai ɗan kauri tsakanin zaren tsaye a daidai inda furen zai fito, ya sake ratsawa, ya sake cusawa. Sau da yawa mutum biyu ne ke zama a masaƙa ɗaya. Sari mai cikakken ado yakan ci watanni, don haka jamdani mai araha sosai abin tuhuma ne.

Kota doria kuwa a Kaithoon ake saƙa shi, kusa da birnin Kota a Rajasthan. Ɗaga shi ga haske za ki ga ƙananan murabba'ai jere kamar raga, sunansu khat. Auduga ce ke ba shi jiki, siliki ya ba shi sheƙi, kuma ta hanyar haɗa zare a wasu haƙoran matsefin masaƙa a bar wasu wayam ake fitar da ragar. Yana cikin mafiya sauƙin nauyi, amma ɗan kunne ko awarwaro mai tsini na iya jan zare ɗaya ya ɓata layi guda.

A kudu akwai Mangalagiri a gundumar Guntur ta Andhra Pradesh: jiki fili babu fure, saƙa a matse da lamba 80, gefe na zaren zinariya. Ga mai zuwa aiki kullum, wuya a sami wanda ya fi shi. Venkatagiri ya fi shi siranta. Kasavu na Kerala, daga Balaramapuram da Chendamangalam da Kuthampully, farin auduga ne da ba a wanke da bilic ba, mai gefen zinariya. Chanderi da Maheshwari na Madhya Pradesh galibi siliki ne a tsaye, auduga a kwance, don haka wankinsu na siliki ne. Sambalpuri na Odisha da Pochampally na Telangana zarensu ake ɗaurewa a rina kafin saƙa, kuma sun ɗan fi sauran nauyi.

Hannu ko inji

Dokar Indiya ta 1985 ta keɓe wasu kayayyaki ga masaƙar hannu, har da wasu nau'o'in sari, amma kasuwa cike take da na inji masu ɗauke da sunayen garuruwan nan. Akwai tambarin Handloom Mark da gwamnati ta fito da shi a 2006, da India Handloom Brand na 2015, da alamar GI wadda ke tabbatar da garin asali. Suna da amfani. Sai dai takarda ana iya liƙa ta a kan komai, don haka ki koya wa idonki.

Fara da bakin gefe. Masaƙin hannu yana sa wani sanda mai ƙananan allurai a bakinsa biyu don ya riƙe faɗin saƙar kada ta tsuke, yana matsar da shi gaba lokaci-lokaci. Wannan kan bar 'yan huji a jere a bakin gefen, tazararsu ba daidai take ba. Bakin gefen kansa ba ya miƙewa kamar an ja da rula. Sannan ki shimfiɗa jikin tsakaninki da taga. Hannun mutum ba ya buga matsefi da ƙarfi iri ɗaya daga safe har yamma, don haka za ki ga wurin da zaren kwance ya ɗan matse, da wurin da ya ɗan saki, wani lokaci da ɗan ƙulli inda zare ya tsinke aka ɗaura. Na inji kamar takardar bugawa yake, ko'ina ɗaya.

Sai ki juya bayan fure. A jamdani na gaske zaren adon yana zuwa bakin furen ya juya ya koma, gaba da baya kusan kamanninsu ɗaya, ba ki ganin tsinken zare. A na inji zaren kan tsallake daga fure zuwa fure, daga baya a bi da almakashi, sai ki ga gemu-gemu a kewayen kowane fure. In kin ja ɗaya da farce yana iya zarewa.

Sauran magana ita ce ko audugar ce da gaske. Nemi zare biyu daga gezar ƙarshen ciki, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, domin akan yi algus a ɗaya a bar ɗaya. Ƙona kowanne daban. Auduga na ci bal-bal, da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta na narkewa ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Siliki na ƙaurin gashi, tokarsa na murmushewa a yatsa. Wanda wuta ba ta tona wa asiri shi ne biskos, wani zaren masana'anta, don shi ma daga itace aka yi shi, ƙonuwarsa irin ta auduga ce. Shi ruwa ne maganinsa: jiƙa tsakiyar zaren da yawu ko ɗigon ruwa, ki ja bakin biyu. Biskos na raunana in ya jiƙe, zai tsinke a wurin da ya jiƙe. Auduga ƙarfi take ƙarawa a jiƙe, sai ta tsinke a busasshen wuri.

Kafin ki biya

A buɗe miki sarin gaba ɗaya, mita biyar da rabin nan, ko da mai shago zai ɓata rai. Aibi a ninkin ciki yake ɓuya. Duba layin ninki musamman: sarin da ya daɗe a kanta da sitati a jikinsa yakan koɗe a layin, wani lokaci zaren ya riga ya karye. In kin ga layi ya yi fari-fari, ajiye shi.

Riƙe jikin tsakanin manyan yatsunki biyu ki ɗan ja gefe da gefe a hankali. Idan zaren ya zame ya buɗe taga, kuma bai koma ba da kin shafa, haka zai yi a inda fil ya kama pallu da inda kike zama. Duba mahaɗar gefe da jiki ma. Gefe mai kauri a kan siririn jiki kyakkyawa ne, amma a nan yagewa ke farawa, saboda nauyin gefen na jan jikin kullum. A wasu nau'o'in sarin Tamil Nadu ana saƙa gefen da ƙoshiyarsa daban a sarƙe shi da jiki, abin da ake kira korvai. Bi mahaɗar da ido, kada a sami gibi.

Jiƙa farin hankici ki goga a wurin da launi ya fi duhu. Ɗan shuɗi daga rinin baba ba laifi ba ne, haka baba yake, saman zare yake kwanciya. Amma ja ko baƙi ko kore da ya rina hankicin sosai zai zuba a kan farin jikin sarin tun wankin farko.

Auna faɗi. Doguwar mace na buƙatar inci 46 zuwa 48, in ba haka ba abin da za ta cusa a siket ɗin ciki ba zai isa ba, musamman da yake sarin zai tsuke. Game da zari, wato zaren zinariya: na asali siririyar wayar azurfa ce aka naɗe a kan siliki aka shafe da zinariya, mai bi masa na jan ƙarfe ne, na ƙasa kuma roba ce mai ƙyalli. Yawancinsa daga Surat yake fitowa. A sarin auduga na kullum da wuya ki sami na asali, kuma ba dole ba ne. Abin nema shi ne kada ya yi kaushin da zai karce wuya.

Wankin farko, sannan tela

Kuskuren da aka fi yi shi ne kai sabon sari wurin tela kafin ya ga ruwa. Audugar saƙar hannu na tsukewa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wanda a mita 5.5 ya kai santimita 16 zuwa 27. A cikin gefen ƙasa ana ɗinka wani ƙyalle mai faɗin kusan inci 5 da ake kira fol, don ya ba tattarar gaba nauyi ya kuma kare gefen daga ƙasa da dunduniyar takalmi. Idan aka ɗinka shi kan sarin da bai tsuke ba, ko shi fol ɗin ba a wanke shi ba, ɗaya zai tsuke ya bar ɗaya, gefen ya yamutse har abada. A wanke su biyun daban-daban tukuna. Fol na auduga za a sa, a kuma ɗinka da hannu, da ƙananan ɗinki marasa ɗauri, domin keke na huda siririn zare ya bar layi a fuska. Yadin rigar ma a yanke shi a wanke kafin a auna.

Wankin farko ruwan sanyi ne zalla, babu sabulu. Cika babban baho, warware sarin ki nutsar da shi, ki bar shi minti 10 zuwa 15 sitati ya saki, ki ɗauraye sau biyu. In gefen mai duhu ne jikin kuma fari, kada ki bar shi kwance a ruwa ko kaɗan. Tsoma, motsa, cire, sauya ruwa, har ruwan ya fita fes.

Za a ce miki ki zuba gishiri don ya kama launi. Gishiri a tukunyar rini yake aiki, inda yake tura launi cikin zare. Bayan an gama rini tasirinsa kaɗan ne. Abin da ke zuba ragowar launi ne da bai kama ba tun farko, kuma so ake ya fita, ba ya zauna ba. Gishirin ba ya cutarwa, amma kada ki dogara da shi ki bar jan gefe kwance a kan farin jiki cikin baho.

Wanki na yau da kullum

Ba kowane ɗauri ke bukatar wanki ba. In babu gumi ko tabo, shanya shi a inuwa ya sha iska awa biyu. In za a wanke, sari ɗaya a baho ɗaya, ruwa lita 8 zuwa 10 wanda ɗuminsa bai wuce digiri 30 ba, da ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi. A Indiya da yawa na amfani da 'ya'yan reetha, wata bishiya da 'ya'yanta ke kumfa kamar sabulu, a jiƙa su kwana ɗaya a tace ruwan, kuma ya dace da rinin itatuwa. Narkar da sabulun kafin sarin ya shiga. Garin sabulu da ya zauna kan ƙyalle bai narke ba yakan ci launin wurin ya bar ɗigo-ɗigo.

Minti 5 ya isa. A matsa da tafin hannu a saki, a matsa a saki. Ba a cuɗawa, ba a sa buroshi, ba a bugawa a dutse. Gefen ƙasa da ke kwasar ƙura shi kaɗai za a ɗan murza tsakanin yatsu. Ba a murɗawa wajen matse ruwa, saboda murɗa na karkatar da zaren kwance, sarin ya bushe a karkace, pallu ya ƙi sauka daidai. Tattara shi ki danna a jikin baho, ko ki naɗe shi cikin tawul. Injin wanki kuwa, tant mai lamba 60 zai iya jure shi cikin jakar raga, amma jamdani da kota doria da duk mai zari kada su kusance shi.

Shanya a inuwa mai iska. Rana na cin launi, ta kuma ƙona zari. Raba nauyin a kan igiya biyu ko uku, domin jiƙaƙƙen sari da ya rataya daga wuri ɗaya yakan miƙe a nan. Igiyar ƙarfe na barin tsatsa. Kafin ya gama bushewa, mutum biyu su kama kusurwoyi su ɗan ja tsawo, su ja a gicciye ta nan da ta can, saƙar ta koma mazauninta. Wannan jan na minti biyu na rage rabin aikin guga.

Sitati

Tun kafin saƙa ake shafa wa zaren tsaye ruwan shinkafa don ya jure gogar matsefi, saboda haka sitati ba baƙo ba ne a jikin sari. Bayan wanki, shi ke sa tattara ta tsaya, ya hana siririn ƙyalle manne wa jiki da gumi, ya kuma zama garkuwa da datti ke kwanciya a kai maimakon cikin zare.

Ga sari ɗaya: dama babban cokali ɗaya na garin sitati, na masara ko na rogo, a rabin kofin ruwan sanyi. Zuba a rabin lita na tafasasshen ruwa kina juyawa har ya daina fari ya zama garai-garai, wajen minti biyu zuwa uku. Tace shi da ƙyalle cikin ruwan sanyi lita 4. Wannan ƙarfi matsakaici ne. Tant mai tsayuwa ƙyam na son cokali biyu, jamdani da kota doria rabin cokali. Ruwan da aka tsiyaye daga dafaffiyar shinkafa, wanda ake kira maar a Bengal, kanji a kudu, yana yin aikin: kofi ɗaya a lita 3, a tace.

Sarin ya kasance da danshi, a warware, lokacin da zai shiga. Busasshe ko dunƙulalle ba ya sha daidai, sai wani wuri ya yi tauri wani ya yi laushi. Minti 3 zuwa 5, a matse a hankali, a girgiza, a shanya a buɗe. Kada ɓangare ya kwanta kan ɓangare, don za su manne, kuma wajen ɓamɓarewa ne siririn jiki ke yagewa. In sun riga sun manne, yayyafa ruwa ki jira. Farin dabbare-dabbare a kan baƙi ko shuɗi alama ce ta sitatin da bai dahu ba ko ba a tace ba, maganinsa sake ɗauraya. Sitati mai yawa kuma na sa zare ya yi ƙarau, ya karye a layin ninki.

A yi guga da sauran danshi, ta baya. Auduga zalla na ɗaukar zafi mai ɗigo uku a jikin dutsen guga, wajen digiri 200. Mai haɗin siliki ɗigo biyu. Kan zari da furen jamdani a shimfiɗa farin ƙyalle tukuna, a danna a ɗaga, kada a ja, don hancin dutsen na kama zaren ado. Bi tsawon sarin, ba faɗinsa ba. In gindin dutsen ya fara yin ruwan ƙasa, sitati ne ke ƙonewa, a rage wuta a goge shi kafin ya shafa wa sarin.

Tabo

Maiƙo: barbaɗa hoda nan take, bar ta rabin awa ta tsotse, kakkaɓe, sannan ɗigon sabulun wanke-wanke. Jini: ruwan sanyi kawai, ruwan zafi na dafa shi cikin zare. Shayi: ɗauraye ta baya tun bai bushe ba. Kurkum na da abin mamaki, da sabulu ya taɓa shi sai ya koma ja wur. Kada ki firgita. Ɗauraye sosai ki sa wurin kaɗai a rana, ki rufe sauran, hasken rana na cinye launin kurkum cikin 'yan awoyi. Tsatsar fil a kan fari: lemun tsami da gishiri, a ɗauraye da kyau bayan haka, don tsami da ya bushe a auduga na cin ta. Bilic kada ya zo kusa. Yana raunana siririn zare, yana narkar da siliki, yana baƙanta zari. Turare ma a fesa a jiki kafin ɗauri, ba a kan sarin ba.

Fil ɗin da ke riƙe pallu a kafaɗa shi ne ya fi komai yaga sarin sakayau. A soka shi ta cikin gefe mai kauri ko ta ninki uku zuwa huɗu, kada ta falle ɗaya, a kuma zura ɗan dutsen ado ko maɓalli a jikinsa don ƙyallen kada ya shige cikin murɗin ƙarfen.

Ajiya

Sarin da zai kwana fiye da wata biyu a ajiye, a wanke shi a ajiye babu sitati. Sitati abinci ne ga kyankyaso da ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa da ke cin littattafai, kuma in suna lasar sitatin har zaren suke haɗawa. Gumin da ba a gani yau shi ke zama rawayan tabo bayan wata shida. Ya bushe ƙarau kafin a ninke, musamman lokacin damina, in ba haka ba fumfuna za ta yi masa baƙin ɗigon da ba ya fita.

Naɗe shi a tsohon farin ƙyallen auduga ko jakar auduga. Leda na tara gumi. Jarida na zubar da tawada. Katakon kabad ma na rina ƙyallen da ya daɗe a kansa, a shimfiɗa wani abu tukuna. Zari ya kasance a cikin ninki. Busasshen ganyen darbejiya cikin 'yar jaka na korar ƙwari, amma kafur kada ya taɓa zari, yana dusasar da shi. Kada a jibga fiye da biyar ko shida, masu nauyi a ƙasa.

Duk wata uku a fito da shi, a warware, ya sha iska a inuwa, a sake ninkewa ta wani layi daban da na da. Jamdani mai tsada gara a naɗe shi a jikin bututun kwali da aka lulluɓe da ƙyalle, babu ninki ko ɗaya. In zare ya zaro, kada a yanke: a miƙar da wurin a hankali ta kowane ɓangare ya koma, ragowar a tura ta baya da allura. Ƙaramar yagewa kuma a kai wa mai rafu, masu cike rami da saƙar allura, tun ba ta kai tsawon yatsa ba. Zaren da zai yi aikin da shi daga gezar ƙarshen ciki zai zaro, shi ya sa in tela na kalmasa bakin sarin ake ce masa ya maido da abin da ya yanke.